Tantani Na Goma Sha Bakwai

Kwana ɗari biyu da sha uku ke nan
da na ɗaure ka tsakanin faifan ƙarfe biyu,
a wannan ɗaki na bayan majema a Sharaɗa,
inda fanka ke ƙara kamar tana bin mu bashi.

Kaurinka bai fi ɓawon albasa uku ba.
Dakta Huwaila ce ta shafe ka da hannunta,
shafi siriri, ta bari ya sha iska, ta ƙara,
ta ce, "Tasi'u, in wannan ya kai shekara
sai mu fita mu yi wa mutane magana."

Aikinka tsaron ƙofa.
Ruwan zartsi ya shigo da gayyarsa,
a saki lantarki, gishiri ya dare gida biyu,
masu bin dama da masu bin hagu.
Ka bar waɗansu su ratsa ka, ka hana waɗansu,
ba ka taɓa ruɗewa da fuska ba.
Can bakin bututu ruwa na ɗiga garau,
irin wanda sabulu ke yarda ya yi kumfa a ciki.

Na san zartsi tun ina rarrafe.
Rijiyar gidanmu a Ƙofar Wambai
ta sa wa kowace buta farin gemu a gindi,
waken Inna Barmani ya wuni bisa murhu
yana ƙin nuna.

'Yan uwanka ba su jima ba.
Na sha ɗaya ya kumbura a mako shida.
Na sha huɗu, asid ɗin wanki ya cinye shi.
Na sha biyar ni na kashe shi, ban ɓoye ba:
an ɗauke wuta, na yi gyangyaɗi,
janareto ya tashi da ƙarfin da ya wuce kima.
Kai kuwa ka shanye zafin bazara,
ka shanye dauɗar ruwan jima,
da wanki arba'in, da hannuna mai kuskure.

Babana majemi ne.
Ba ya yabon fata ran da ta fito daga bagaruwa.
Yakan ce, "Ran farko kowace fata mai kyau ce.
Bari ta zama takalmi, ta taka damina biyu,
sannan ka zo mu yi zance."

Yau bayan asuba lambar mita ta hau.
Na kwance kusoshi, na ɗaga ka ga fitila.
A gefen hagu shafin ya ɗago
kamar fatar leɓen mai zazzaɓi,
farin alli ya yi gida a ƙarƙashi.

Na daɗe zaune da biro.
Mai gadi na waje yana hura gawayin shayi.
Babu wanda ya gani.
Ina iya mayar da kai, in matse kusoshi,
ka ja wata guda kana ɗingishi,
takarda ta yi kyau.

Na rubuta kwanakin yadda suke.
Gefen hagu. Faɗin ƙwayar gero biyu.
Na sa hannu.

Ƙarfe tara Dakta ta zo, ta cire tabarau,
ta duba, ta yi shiru har fanka ta gaji.
"Daga gefe ya soma? To gefen za mu ninka.
Yanko mini na sha takwas."

Ban jefa ka a kwandon shara ba.
Kana cikin ambulan, da lambarka a bayansa.
Ruwanka na ƙarshe na ɗura a gora,
na rataya a babur har gida.
Inna ta kurɓa, ta juya shi a baki,
ta daɗe tana neman abin da ta saba ji.
Ta ce, "Wannan ai babu komai a cikinsa."
Ta miƙo kofin
a ƙara mata.